Karmo: Sa'o'in da ke tsakanin La'asar da Isha'i

Tun kafin gari ya waye, titin da ya tashi daga Karmo zuwa Life Camp kan cika da masu jiran mota. Akwai direbobin ma'aikatu, masinjoji, masu gadi da ƙananan ma'aikatan da tsadar haya ta hana su zama a tsakiyar Abuja. Da yawansu ba sa komawa gida sai bayan Isha'i. 'Ya'yansu kuwa da rana ake tashinsu daga makarantar boko, su tarar da gida babu babba.

A Kano ko Katsina, kawu ko gwaggo ko maƙwabci ne ke cike wannan giɓi, domin ɗa na kowa ne. Karmo kuwa, in ban da 'yan asalin wurin, unguwa ce ta baƙi 'yan haya, kuma rusau ɗin da aka yi a yankin Idu-Karmo a 2006, zamanin ministan Abuja Malam Nasir El-Rufai, ya ƙara wargaza maƙwabtaka. Mutum kan yi shekara bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba, balle ya tsawata masa.

Haɗarin ba ɓoyayye ba ne. Rahoton shekarar 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka gudanar ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

A nan ne makarantar Islamiyya ke da nauyi. Daga La'asar zuwa Magariba yaro na da wurin zuwa, da haddar da zai bayar, da malamin da zai lura idan bai zo ba. Salla a kan lokaci na koya masa kiyaye lokaci, azumi na koya masa haƙuri da abin da ransa ke so. Mai ƙwazo kuma na da abin hange: Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ke shiryawa tun 1986. Samarin da suka girma kan shiga ƙungiyoyin 'yan agaji, inda ake koyon fareti, tsara jama'a a filin idi da kai ɗauki. A majami'u ma haka abin yake: zumuntar matasa, ƙungiyar mawaƙa, da Boys' Brigade, wadda ta iso Nijeriya a 1908.

Sai dai tarbiyya na buƙatar abin dogaro. Malaman Islamiyya da dama na rayuwa ne da ɗan kuɗin wata da iyaye ke biya, wanda kan makale idan albashi ya yi jinkiri. Matashin da ya yi sauka kuma yana buƙatar sana'a, ko a kasuwar Karmo, ko a masana'antun Idu. A 2023 aka kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma aikin yau da gobe na wuyan malaman unguwa.

Shugaban da ya tsare direbansa a Sakatariya har ƙarfe tara na dare yana da hannu a lamarin. Ranar da ya sallame shi da wuri, akwai yaro a Karmo da zai biya wa mahaifinsa karatun da ya ɗauko kafin ya kwanta.