Agadas Bayan Tafiyar 'Yan Yawon Buɗe Ido: Me Ya Kore Su, Me Ya Maye Gurbinsu?

A watan Yunin 2013, hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A wasu garuruwan, irin wannan shaida takan cika otal-otal da baƙi. A Agadas kuwa ta zo ne wata guda kacal bayan harin 23 ga Mayu, wanda aka kai kan barikin sojan garin da kuma ma'adinar uranium ta Arlit. Duniya ta amince garin ya cancanci ziyara a daidai lokacin da ofisoshin jakadancin Turai suke gargaɗin mutanensu kada su kusance shi. Daga nan zuwa yau, sana'ar da ta taɓa ciyar da gidaje masu yawa a ƙasar Abzin ba ta sake miƙewa ba.

Yadda kasuwar ta ci

Tsofaffin biranen bakin teku masu ganuwa, irin su Essaouira ta Maroko, suna cika ne a lokacin hutun bazarar Turawa. Agadas ba haka take ba. Zafin bazara a can yakan haura digiri 40, don haka kakar baƙi ita ce hunturu, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Baƙon da ya sauka yakan fara da hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27, ginin laka na ƙarni na 16 da aka sabunta a 1844. Daga nan ya leƙa fadar Sarkin Abzin, ya ratsa lungunan tsofaffin unguwanni 11, ya ga gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850. Amma duk wannan aikin kwana ɗaya ne ko biyu. Kuɗin na gaske yana daji: lambunan Timia, duwatsun Iferwan, zanen raƙuman dawa na Dabus, rairayin Tenere, gishirin Bilma da kufan Jado. Abin da Agadas take sayarwa shi ne sanin hanya.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka tayar da wannan kasuwa. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe dabbobi, ya koro Abzinawa makiyaya zuwa gari, da yawansu babu abin da ya rage musu sai sanin rijiyoyi da taurari. A daidai lokacin, matasan Turai suna ƙetaro Sahara da tsofaffin motocin Peugeot ta Tamanrasset da Asamaka, su sayar a Nijar su koma gida da kuɗin. Tseren motocin Paris-Dakar, wanda ya riƙa yada zango a Agadas a shekarun 1980, ya kai hoton Tenere cikin gidajen talbijin na Turai. Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin Temet Voyages, ya nuna cewa ɗan ƙasa ma zai iya riƙe ragamar sana'ar, ba sai ya tsaya a matsayin yaron mota ba. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, jiragen haya na kamfanin Point-Afrique sun riƙa sauke baƙi kai tsaye daga Faransa. Filin jirgin da suke sauka yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a Disambar 1995.

Abin da ya karya ta

Ana yawan ɗora laifin kan tawaye, kuma ba a rasa gaskiya a ciki. Tawayen farko, daga 1990 zuwa 1995, ya tsayar da komai, har aka sa gandun Abzin da Tenere cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 1992, shekara ɗaya bayan UNESCO ta karɓe shi. Tawaye na biyu, na ƙungiyar MNJ daga 2007 zuwa 2009, ya zo da nakiyoyin da aka binne a hanyoyin da motocin baƙi suke bi. Sai dai tawaye yana da shugabanni, ana zama da su, ana sa hannu a takarda. Shi ya sa kasuwar ta iya farfaɗowa bayan 1995.

Abin da ya fi tawaye illa shi ne satar mutane don neman fansa. A 2003 aka sace Turawa 32 'yan yawon buɗe ido a hamadar Aljeriya. A Satumbar 2010 mayaƙan ƙungiyar AQMI suka ɗauke mutum 7 masu alaƙa da kamfanonin Areva da Satom daga gidajensu a Arlit, huɗu na ƙarshe ba su kuɓuta ba sai Oktobar 2013. Daga wannan lokaci Bature ya daina zama baƙon da rikici zai iya rutsawa da shi bisa tsautsayi, ya zama shi ne abin da ake nema. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirarta, kamfanonin inshora suka janye, jiragen haya suka daina zuwa. Tseren Dakar ma an soke shi a 2008, a 2009 ya koma Kudancin Amurka.

A nan raunin sana'ar ya bayyana. Kusan duk baƙin daga ƙasashe kaɗan suke, Faransa da Italiya da Jamus, kuma ta ƙofa ɗaya suke shigowa. Shawarar da aka yanke a wani ofishi a Paris ta isa ta rufe otal a Agadas. Hanyar mota daga Yamai, mai nisan kusan kilomita 950, ta lalace sosai tsakanin Tawa da Agadas, ba ta iya maye gurbin jirgi ba. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da tsamin dangantaka da Faransa sun ƙara nesanta baƙin, sannan sace wasu mata biyu Turawa a cikin garin a 2025, ɗaya 'yar Austriya ɗaya 'yar Suwizalan, ya tabbatar wa masu shakka shakkarsu.

Inda sanin hanya ya koma

Direba da jagora ba su manta da hamada ba don Turawa sun daina zuwa. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, hanyar Libiya ta buɗe, Agadas ta zama babbar tashar 'yan Afirka ta Yamma masu nufin arewa. Duk ranar Litinin motocin Hilux sukan bi ayarin soja zuwa Dirku, kowace maƙare da fasinja. Kuɗin ya shiga hannun masu gidajen haya, masu sayar da jarkokin ruwa da rawani da tabarau, makanikai, masu abinci da 'yan canji. Ta fuskar yaɗuwar arziki, wannan harka ta taɓa mutane fiye da yawon buɗe ido, domin ba ta san hunturu ko bazara ba. Amma tsadarta rayuka ce. A Oktobar 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasari mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya.

Dokar Nijar mai lamba 2015-36, wadda aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 2016 tare da goyon bayan Tarayyar Turai, ta mayar da jigilar 'yan ci-rani laifi. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, sauran suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi. Tallafin da aka yi alkawari don su sauya sana'a bai kai ga mafi yawansu ba. Wasu suka nufi haƙar zinariyar da aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014. A Nuwambar 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, motoci suka dawo tasha a fili. Wato sau biyu cikin shekaru kaɗan shawarar Turai ta rufe wa garin hanyar abinci: da farko ta hana nata mutanen zuwa, daga baya ta sa a hana na Afirka wucewa.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu sana'ar da ba a loda ta a mota. Maƙeran azurfa, masu ƙera shahararren zanen Agadas da ake ratayawa a wuya, sun rasa mai saye na kusa, domin ɗan ci-rani ba ya sayen abin ado. Wasunsu sun koma Yamai, wasu suna kai kayansu kasuwannin baje koli na waje. Mata masu dukanci da saƙar tabarma, masu raƙuman haya da masu lambun da ke sayar wa otal kayan marmari, duk kasuwarsu ta tsuke. Kiɗan gita ne kaɗai ya samu mafita ta daban: tunda masu sauraro ba sa zuwa, mawaƙa irin su Bombino da ƙungiyar Etran de l'Aïr suka ɗauki sunan garin suka kai musu.

Shi ma tsohon garin yana biyan nasa kason. Ginin laka yana buƙatar yaɓe a kai a kai, yaɓe kuma kuɗi ne. Ambaliyar Satumbar 2009 ta rushe gidaje masu yawa a Agadas, ruwan saman 2024 ma ya yi wa tsofaffin gine-gine ɓarna. Maigidan da ba ya samun komai daga tsufan gidansa, in ya samu hali siminti zai saya, kuma da wuya a ga laifinsa.

Bai kamata kuma a mayar da zamanin baƙin kamar ba shi da aibu ba. Kaso mai tsoka na kuɗin tafiya yakan tsaya a hannun kamfanonin Turai. An kwashe kibiyoyin dutse da sauran kayan tarihi daga Tenere a matsayin tsaraba, motoci kuma sun takura wa namun dajin da suka rage.

Abin da ya rage a hannu

Bukukuwan Abzin ba don Turawa aka ƙirƙire su ba, shi ya sa ba su mutu da tafiyarsu ba. Ana yin Biyanu kowace shekara a watan Muharram. Makiyaya Fulani da Abzinawa suna haɗuwa a Ingal a ƙarshen damina don bikin gishiri. Alaƙar garin da ƙasar Hausa kuma tsohuwa ce: Hausa ake ciniki da ita a kasuwar Agadas, a cikin birnin Kano ma akwai unguwar Agadasawa. Ɗan Kano ko Katsina ko Maraɗi da ya zo kallon Biyanu ba zai kashe abin da Bature yake kashewa ba, amma ba ya jiran izinin wata ma'aikata a Paris, kuma yana iya dawowa baɗi.

Irin wannan baƙo yana buƙatar abubuwa ne da ke hannun Nijar: hanyoyin Tawa da Damagaram masu kyau, tsaro a kansu, masauki daidai aljihunsa, da asusun gyaran tsofaffin gidaje wanda mazauna unguwannin za su ga amfaninsa. Ko da Turawa sun dawo wata rana, tarihin 1990 da 2007 da 2010 ya nuna cewa su ne farkon tafiya idan ƙura ta tashi. Garin da ya ga haka sau uku bai kamata ya sake ɗora tukunyarsa a kan murhu mai dutse ɗaya ba.