Daga Ramukan Kuza Zuwa Ɗakunan Bincike: Wahalar Sarrafa Ƙarfen Niyobiyam

Tun da aka haɗa Kafanchan da Jos ta layin dogo a 1927, jiragen ƙasa suka riƙa ratsa kudancin Kaduna ɗauke da kuza zuwa Fatakwal. Tare da kuzar ake haƙo wani baƙin ma'adani, kolumbayit, wanda Najeriya ta zarce kowace ƙasa fitar da shi a shekarun 1950. Daga gare shi ake tace niyobiyam, ƙarfen da manyan na'urorin cilla ƙwayoyin zarra suka dogara da shi a yau.

Da niyobiyam ake ƙera wani bututu mai kama da jerin tuluna, a cusa masa igiyar rediyo mai ƙarfi, ita kuma ta ingiza ƙwayoyin har gudunsu ya kusanci na haske. Idan aka sanyaya ƙarfen ya wuce digiri 264 ƙasa da sifiri, lantarki na ratsa shi kusan ba tare da asara ba, saɓanin tagulla da ke ɗaukar zafi. Cibiyar XFEL ta Hambog a Jamus, wadda ta fara aiki a 2017, tana da irin waɗannan bututai 768.

Ƙalubale na farko shi ne sanyi. Ana nutsar da bututun cikin ruwan iskar hiliyam mai digiri 271 ƙasa da sifiri, kuma kawar da zafin wat ɗaya kacal a wannan yanayi yana cin ɗaruruwan wat na lantarki.

Na biyu, tsafta. Ƙwayar ƙura guda ko ɗan karce a cikin bututun na iya ɗumama wurin, zafin ya bazu, aiki ya tsaya nan take. Shi ya sa ake wanke cikinsa da asid da tataccen ruwa, a harhaɗa shi a ɗakin da ƙura ba ta shiga.

Na uku, maganaɗisun ƙasa kan maƙale a jikin ƙarfen yayin sanyaya shi, ya ƙara asara. Ko girgizar famfo na iya karkatar da bututun daga saitinsa.

A yau Brazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam ɗin duniya. Ƙasar da ta tsaya ga sayar da ɗanyen kolumbayit kuwa, babbar ribar tana tafiya ne ga masu tace shi da ƙera bututun.