Ciwon gwiwar hannu: Dalilan da ke sa sakamakon tiyata ya bambanta tsakanin majinyata

A unguwar Limawa da ke Jimeta, kamar sauran unguwannin masu sana'ar hannu, kafinta ko mahauci ko matar da ke daka kan wayi gari da raɗaɗi a gefen gwiwar hannu ta waje, har ɗaukar buta ya gagara.

Likitoci na kiran lalurar "gwiwar 'yan tanis", ko da yake akasarin masu fama da ita ba su taɓa buga wasan ba. Tana samuwa ne idan jijiyar da ke haɗa tsokar ɗaga wuyan hannu da ƙashin gwiwa ta zaizaye saboda maimaita aiki iri ɗaya, kuma ta fi kama 'yan shekara 30 zuwa 50.

Kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 kan warke ta hanyar hutu da gashi da atisaye. Sai ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsawon wata 6 zuwa 12 ake maganar tiyata. A tiyatar zamani, likita kan yi 'yar huda, ya zura siririyar kyamara, ya kankare ɓangaren jijiyar da ya lalace.

Sai dai ƙanƙantar hudar ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Shan taba na rage jinin da ke isa ga jijiya, ciwon suga kuma na jinkirta warkewar rauni. Yawan allurar sitiroyid, wadda ke kwantar da zafi na 'yan makonni, kan raunana jijiyar. Matsananciyar damuwa ma kan sa majinyaci ya daɗe yana jin ciwo. Haka nan, idan tushen raɗaɗin matsewar jijiyar laka ce a dantse ko wuya, kankare gwiwa ba zai magance shi ba.

Babban ƙalubale shi ne sana'a. Ma'aikacin ofis kan koma bakin aiki cikin 'yan makonni, amma mai guduma ko taɓarya na bukatar watanni, alhali da hannun yake ciyar da iyali. Gaggawar komawa kan mayar da hannun agogo baya.

Don haka, duk wanda zai ga likitan ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya bayyana sana'arsa da cututtukansa da adadin allurar da aka yi masa, ya kuma tanadi wanda zai riƙe masa aiki kafin a sa ranar tiyata.