Jingar Makaranta Bashi Ce, Kullum Ake Rage Ta

Duk wanda ya bi ta titin Ahmadu Bello a unguwar Nassarawa ta birnin Kano a ƙarshen zangon karatu, zai tarar da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad cike da masu neman ilimi. Ba samari da 'yan mata kaɗai ba ne. A cikinsu akwai magidanta, ma'aikatan gwamnati da suka taso daga ofis, da 'yan kasuwar da suka bar yaro a rumfa, kowa ya duƙufa yana rubutu cikin gaggawa. Abin da ya tara da yawansu shi ne jinga, watau aikin rubutun da malami kan bai wa ɗalibi ya yi a gida, an ba su ita da daɗewa, ba su waiwaye ta ba sai da wa'adi ya ƙarato.

Hanyoyin ƙaro ilimi sun yawaita a Kano. Makarantar da aka buɗe a 1934 don horar da alƙalai ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A cikinta aka fara kwalejin da aka sa wa sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1962, wadda ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Yau ga karatun yamma, ga na ƙarshen mako, har mai iyali yana iya neman difloma ko digiri ba tare da ya ajiye aikinsa ba. To, amma samun gurbi daban, riƙe karatun daban. A yawancin manyan makarantunmu, maki 30 ko 40 cikin 100 daga jinga da ƙananan gwaje-gwaje ake samunsu. Wanda ya yi sakaci da su ya shiga jarrabawa da gurguwar ƙafa, ga kuɗin makaranta ya biya da guminsa, ga ƙarin girma a wurin aiki yana jiran takardar shaida.

Abin mamaki, maganin wannan cuta yana hannunmu tun kaka da kakanni. A makarantar allo ba a bai wa yaro izu guda a yini ɗaya. Kaɗan ake rubuta masa, ya yi ta maimaitawa, kuma ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam ya ji ya zauna. Bayan haka ga tilawa, don kada na baya ya zube. Malam Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya tsara wa ɗalibi wannan hanya fiye da shekara 700 da suka wuce. Ya ba da shawarar a maimaita darasin jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, na gabaninsa sau 3, haka har zuwa sau 1. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa ƙwaƙwalwarsa, inda ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama guda amfani. Ashe karatun daren jarrabawa ɗibar ruwa ne da kwando.

Saboda haka abu na farko shi ne ɗalibi ya yanka wa karatu lokacin da ba ya taɓuwa. Ga mai aiki ko mai kasuwa, da wuya a sami lokacin da ya fi bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi, kafin waya ta fara ƙara. Sa'a guda kullum ta ba da sa'a 7 a mako, kuma ta fi kwana biyu na rashin barci albarka.

Na biyu, ya ɗauki jinga kamar yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari yake ɗaukar bashi. Ranar da aka ba shi, ranar zai rubuta ta a littafi tare da wa'adinta, sa'an nan ya kasa ta kashi-kashi. Ya fara da fahimtar tambayar, domin da yawa sukan cika takarda da amsar abin da ba a tambaye su ba. Idan wani abu ya shige masa duhu, ya koma wa malami tun da sauran lokaci. Daga nan ya karanta, yana rubuta sunan littafi da lambar shafi a gefen kowace magana da ya ɗauko. Sai ya yi rubutun farko ba tare da tsoron kuskure ba, ya bar shi ya kwana, kashegari ya karanta da ƙarfi ya gyara. Ya kuma buga aikinsa kwana guda kafin wa'adi, don wutar lantarki da cunkoson hanya ba su san uzuri ba.

Na uku shi ne amana. Malaman Hadisi ba su karɓar magana sai an faɗi wanda aka ji ta daga gare shi, kuma wannan ladabi ne jami'a take nema idan ta ce a ambaci madogara. Wanda ya kwafo aikin wani daga intanet, ko ya biya wani ya rubuta masa, ko ya miƙa abin da na'ura ta tsara masa da sunan nasa ne, ya yi algus kamar mai tauye mudu. Idan an kama shi, abin yana iya kai wa ga kora. Idan ba a kama shi ba, zai zauna a kujerar da bai san aikinta ba, jama'a su ɗanɗana kuɗarsa.

Iyaye da shugabannin ofis su ma suna da nasu rabon. Uba ya tambayi ɗansa wace jinga ke gabansa, ba sakamako kaɗai ba. Maigida ya rage wa matarsa mai karatu hidima a lokacin da ta ware, mai shago kuma ya sallami yaronsa da wuri ranar darasi. Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.