Mai ƙidayar dammuna a ƙasar Kurfai

In kaka ta gabato a ƙasar Kurfai, za ka ga wani mutum yana ratsa gonakin gero, igiyar awo a kafaɗa, turaku a hannu, ɗan sikeli a jaka. Malamin ƙidaya ne na ma'aikatar gidan gona. Daga littafinsa, da na irinsa, ake haɗa alƙaluman da hukuma ke karantawa a Yamai ta ce bana damina ta yi kyau ko ta yi gardama.

A binciken hasashen girbi na shekara-shekara, wanda ake kira EPER, ƙauyuka kaɗan ake zaɓa, a cikinsu kuma a zaɓi gidaje. Malamin zai auna faɗin gona, dā da igiya da kamfas, yanzu da na'urar GPS. Sai ya kafa turaku huɗu inda ƙuri'a ta faɗa, ya roƙi mai gona da Allah da Annabi kada a taɓa wurin. Gero ya nuna, a yanke na cikin turakun dabam, a shanya, a sussuka, a sheƙe, a auna tsabar. Da wannan ɗan fili ake lissafa abin da hekta ta bayar. Yara su faki ido su karya zangarniya goma don tumu, shi ke nan lissafi ya karkace.

Awon ma duk da sauƙi. Samun gaskiya daga bakin mutane shi ne aiki. Bakurfaye da dami yake lissafi, da rumbu, da tiya a kasuwar Lahadi ta Filinge, kuma damin wannan gari ba na wancan ba ne. Ga tsohon tsoro: tun zamanin Faransawa, wanda ya zo da takarda yana tambayar kawuna, haraji ko jangali ke biye da shi. Tambayi makiyayi a Dallol Boso yawan shanunsa, sai ya yi murmushi ya tambaye ka lafiyar iyali. Mai gari kuma ya san garin da aka rubuta cikin masu giɓi shi ake fara kai wa hatsi mai rahusa. Ban ga laifinsa ba sosai. Saboda haka gwanin wannan sana'a sai ya iya zama a tabarma, ya sha fura, ya leƙa rumbu ba tare da ya ci fuskar mai shi ba.

Nijar ta ɗanɗana kuɗar ƙididdiga mai ido ɗaya. Bayan fari da fara na 2004, giɓin hatsi da aka lissafa wajen tan dubu 223 ne, abin da bai tayar da hankali sosai ba. Amma a 2005 farashin gero ya yi tashin gwauron zabo, na dabbobi ya faɗi, talaka ya rasa abin saye. An ƙirga dami, ba a dubi aljihu ba. Babbar ƙidayar noma da dabbobi ta 2005 zuwa 2007, da taimakon FAO, ta gano dabbobi sama da miliyan 31, fiye da abin da ofisoshi suka daɗe suna rubutawa.

Yau rashin tsaro ya ƙuntata aikin. A farkon 2020 aka hana hawa babur a sassan jihar Tilaberi, inda Kurfai take, alhali babur ne ƙafar malamin. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana ganin tsanwar gona ta tauraron ɗan'adam, amma ba ta ganin tsutsar da ke cin zangarniya daga ciki.

Masu kula da tsarin ƙididdiga a Yamai, kafin ku sayi sababbin kwamfutoci, ku biya malamin nan haƙƙinsa a kan kari, ku ba shi sikeli mai kyau, ku kuma ɗauki 'ya'yan garuruwa irin su Cikal da Bonkuku su ƙirga na garuruwansu.