Tsoron "bai isa ba" da abincin da ke ƙarewa a juji

A shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya, a daidai lokacin da mutum miliyan 783 ke fama da yunwa. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta fitar da alƙaluman a rahotonta na 2024. Kashi 60 cikin 100 na ɓarnar daga gidaje ya fito, gidajen sayar da abinci kashi 28, kantuna kuwa kashi 12 kacal. Ashe dai tukunyar gida ta fi kowa laifi.

Mukan ɗauka cewa almubazzaranci ciwon masu kuɗi ne, na Turai da Amurka. Rahoton ya nuna tazarar ba ta taka kara ta karya ba, har ma ƙasashe masu zafi kan fi zubarwa. Ba sai an je nesa ba wajen neman dalili: miyar da aka dafa da rana, in an ɗauke wuta firij ya huce, kafin safiya ta yi tsami.

Amma zafi ba shi kaɗai ba ne. Uwargida kan ƙara mudu kan abin da gida zai ci, don kada baƙo ya faɗo ya tarar da tukunya a kife. A biki da suna, abin kunyar shi ne a ce abinci bai kai ba. Ba wanda ke gulmar shinkafar da aka kwashe zuwa bola washegari. Haka a azumi, mai yunwa ke tsara buɗa-baki, ga kunu, ga ƙosai, ga dankali, sai ciki ya cika tun a kofi na biyu. Da tuwo ne ma da sauƙi, ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzonsa a shanya. Taliya da soyayyen dankali ba su da wannan haƙurin.

Babban kanti shi ma kunya yake gudu, irin tasa. Mai saye ba ya son ganin kanta ta yi fayau, don haka ake jibge kaya fiye da yadda za su tafi. Tumatir mai tabo da karas mai lanƙwasa tun a gona ake ware su, alhali lafiyarsu ƙalau. Sai kuma garaɓasar "sayi biyu a ba ka ɗaya", wadda ke kwashe asarar daga kanti ta kai ta firij ɗin mai saye.

Kwanan watan da ke jikin kaya ma yana ruɗa jama'a. Iri biyu ne: wani na gargaɗin kada a ci bayan ranar, kamar na ɗanyen nama da kifi, wani kuwa yana nufin ɗanɗano ne kawai zai fara raguwa, kamar na biskit. Saboda wannan ruɗani kantunan Tesco na Birtaniya suka fara cire iri na biyun daga kayan marmari da na lambu a 2018.

Faransa kuwa doka ta kafa a 2016, ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba, sai dai su miƙa wa ƙungiyoyin agaji. Koriya ta Kudu ta bi ta inda ɓarnar ta fi yawa: tun 2013 kowane gida ke biyan kuɗi daidai da yawan abincin da ya zubar.