Neman Gurbin Koyon Aiki a Masana'antu ga Ɗalibin Injiniya

Kamar yadda aka sani, karatun digirin injiniya a jami'o'in Nijeriya shekara 5 ne. A cikin waɗannan shekaru akwai wata 6 da ɗalibi yake barin aji ɗungurungum, galibi a zango na biyu na shekara ta huɗu, ya tafi masana'anta ko tashar lantarki ko wurin gine-gine domin sanin makamar aiki. Ɗaliban kwalejojin fasaha kuwa sukan yi wata 4 bayan shekarar farko, sannan su yi shekara guda cur tsakanin ƙaramar difloma da babba.

Wannan tunani ya daɗe. Tun a shekarar 1906 Herman Schneider ya fara haɗa karatun injiniya da aikin masana'anta a Jami'ar Cincinnati ta Amurka. A Nijeriya, Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ne ya ƙirƙiro shirin da ake kira SIWES a 1973, saboda koken masu masana'antu cewa injiniyoyin da ake yayewa sun san lissafi amma hannunsu bai san ƙarfe ba.

Sai dai fa gurbin ba ya zuwa da kansa. Abin da jami'a takan bayar shi ne takardar gabatarwa, nema kuwa yawanci aikin ɗalibi ne. Ga shi ɗalibai sun ƙaru, masana'antu sun ragu. Manyan masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda a da suke ɗaukar ɗalibai, sun durƙushe a shekarun 2000, haka ma masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai a Kano. Saboda haka wanda ya jira sai an gama jarrabawa yakan tarar an cike ko'ina.

Hanya mafi dacewa ita ce ɗalibi ya fara nema tun da sauran wata 3 ko 4. Ya karɓi takardar gabatarwa daga sashen SIWES, ya haɗa da tasa takardar neman gurbi mai bayyana fanninsa, da ranar farawa da ta gamawa, da abin da ya iya, kamar zanen injiniya a kwamfuta ko walda. Ya kai wurare da yawa da ƙafarsa, ya kuma riƙa komawa bin sawu. Malamai da tsofaffin ɗaliban sashe sukan san inda ƙofa take a buɗe. In an karɓe shi, sai ya mayar da takardar amincewa makaranta, kuma da ya kama aiki ya sanar da ofishin ITF mafi kusa.

Zaɓen wuri shi ne ƙashin bayan al'amarin. Wajibi ne wurin ya dace da fannin ɗalibi: mai karatun lantarki ya nufi irin tashoshin Kainji da Jebba da Shiroro, mai karatun injuna ko sinadarai ya nemi kamfanonin siminti na Ashaka ko Sakkwato ko Obajana, mai karatun gine-gine kuwa ya duba kamfanonin gina hanyoyi da hukumomin ruwa. Kafin ya amsa, ya kamata ya tambaya ko akwai injiniyan da zai kula da shi, da kuma ko za a zagaya da shi sassa daban-daban. Ƙaramin wurin gyaran injuna inda zai kwance famfo ya ɗaura da hannunsa ya fi babban ofishi inda zai ƙare wata 6 yana kai fayil. Har ila yau ya lissafa kuɗin masauki da na mota tun da wuri, domin alawus ɗin shirin kaɗan ne, kuma yakan makara.

Bugu da ƙari, waɗannan watanni suna da maki kamar kowane darasi. Ɗalibi yana rubuta abin da ya yi kullum a littafin aiki, mai kula da shi yana sa hannu duk mako, malami yana kawo ziyara daga makaranta, a ƙarshe kuma ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamai. A nan ne akan gane wanda ya taɓa inji da wanda ya tsaya kallo. Sau da yawa ma, injiniyan da ya ga ƙwazon ɗalibi a wannan lokaci shi ne yake tunawa da shi ranar da gurbin aiki ya samu.